Asibitin haƙorin da ya duba mini dasashin ɗana

Ɗana ɗan shekara 9 yana shan phenytoin saboda farfaɗiya. Bayan wasu watanni sai na ga dasashinsa yana kumbura, yana hawa kan haƙoran gaba har ya rufe kusan rabinsu. In ya goge baki jini ya fito, ya daina murmushi a gaban yara. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Wata maƙwabciya ta nuna mini wani asibitin haƙori a nan Kano. Likitar ba ta yi gaggawa ba. Kafin ta taɓa bakinsa sai da ta tambaye ni: "Hajiya, wane magani yake sha?" Da na faɗa, ta ce wannan maganin an san shi da sa dasashi girma, kuma dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori yana ƙara wa kumburin ƙarfi. Ta gargaɗe ni sosai kada in dakatar da maganin da kaina, ciwon zai iya tashi. Ta rubuta wa likitan farfaɗiyarsa takarda ya duba ko za a canza.

Ta kankare masa dattin haƙoran, ta ba mu maganin kurkure baki na chlorhexidine, ta koya masa riƙon burushi mai laushi da hannunsa. Ta ce yanka sai in kumburin ya ƙi sauka.

Jiran layi ya yi tsawo, mun kai kusan awa 3. Amma yanzu jinin ya tsaya, Alhamdulillahi, kuma can za mu koma wata mai zuwa.