GARGAƊI: N187,000 sun tafi a kan sirdin keke da hob mai canjin giya

Naira 187,000, jama'a. Tun jiya da daddare nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, sai ɗazu da safe na duba ta wayar mai ɗakina na ga mutumin da ya damfare ni ya sake ɗora hoton sirdin keken da ya ce ya sayar mani. Sirdin nan dai, har da ɗan tabon da ke gefen hagu, wai yana neman mai saye. To wallahi ba zan yi shiru ba. Mai dariya ya yi, 'yan gidanmu sun riga shi.

Kafin wani ya ce ai ni na yi ganganci, a tsaya a ji. Ni ma'ajin sito ne, shekara 17 aikina ke nan, in karɓi kaya in ƙirga in duba in sa hannu. Ban taɓa sa hannu a kan kwalin da ban buɗe ba. Kuma ba jiya na fara sanin keke ba. Keken da ake magana a kai Raleigh ne na mahaifina, Allah ya jiƙan shi, baƙi, mai birkin sanda, da tambarin zalɓen nan a goshi, ƙirar Notingham. Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na zamanin Gowon, ya saye shi, kuma da shi ya riƙa zuwa Daura daga nan Katsina lokacin yana koyarwa a can, tafiyar kusan kilomita 80. Burina ɗaya ne, in tayar da keken nan da kaya irin na zamaninshi, in hau in bi hanyar da ya bi, in sha ruwan Kusugu in dawo. Ba kayan ƙyale-ƙyale nake nema ba. Kayan da za su jure doguwar tafiya nake nema, shi ya sa ban tsaya kan na kasuwa ba, waɗanda damina ɗaya ke cinye su da tsatsa.

A wani rukunin masu son tsofaffin kekuna na Facebook na ga mutumin, daga nan muka koma WhatsApp. Ya ce kayanshi tsohuwar ajiya ce da 'yan Kwatano, kwantena ake buɗe mashi. Maganar farko da ya yi mani, kuma ita ce ta ci ni, ita ce: "Alhaji, duba jikin tayarka, 635 aka rubuta ko 622?" Na fita tsakar gida da fitilar waya na duba. 635. Ya ce to kar in yarda wani ya sayar mani da 622 da sunan inci 28, duka biyun haka ake kiransu amma ba ta hawa rim ɗin Raleigh. Gaskiya ya faɗa. Sannan ya ƙara da cewa, "Kar ka sayi taya wurina, Alhaji, a nan Babbar Kasuwa za ka samu 28 da ɗaya da rabi, wato 635 ɗin, ta fi sauƙi, kar ka yi asarar kuɗin mota."

Kar ka sayi taya wurina. Ku gaya mani, wane ɗan damfara ne zai hana ka ba shi kuɗi? Nan na saki jiki. Ina zaune kan tabarma bayan isha'i, na ce wa mai ɗakina yau na haɗu da mutumin kirki. Har yanzu in na rufe ido muryar nan nake ji, a natse, ba gaggawa, kar ka sayi taya wurina.

Na fara tura mashi 95,000. A'a, ƙararrawa ta riga. Ƙararrawa na fara saye, 9,000, don in gwada shi, kun ga ai ban yi wauta ba, gwaji na yi. Kwana 3 ta iso tasha, na kai wa Baba mai gyaran keke, tsohon da ya riƙa gyara wa mahaifina keken nan tun ina firamare. Ya kanga mata maganaɗisu bai kama ba, ya ce tagulla ce ta gaske, ya kaɗa ta, ƙarar ta daɗe tana amo kafin ta mutu. Wannan 9,000 ba ta ma cikin lissafin 187,000. Ita ce tsabar da aka watsa wa kaza.

Bayan ƙararrawar ne muka shiga maganar sirdi. Ni samfurin B17 na Brooks, kamfanin sirdin fata na Ingila, na tambaya, don shi na fi ji ana ambata wurin masu doguwar tafiya. Ya ce a'a, B17 na mai duƙawa ne a kan keke, mai Raleigh a miƙe yake zama, B66 mai sifirin biyu a baya shi ya dace da ni. Nan ma gaskiya ya faɗa, abin da ke ƙona mani rai ke nan, duk abin da ya faɗa kan keke gaskiya ne. Ya ba ni tarihin kamfanin tun 1866 a Barmingham, ya ce fatar za ta yi mani tauri makonnin farko sannan ta bi jikina, ya nuna mani notin da ke ƙarƙashin hancin sirdin wanda ake ɗaurewa in fata ta saki. A bidiyo, kai tsaye, ina kallon hannunshi. Ya haɗa da jakar Carradice ta tamfol mai kaki, wadda ake ratayawa a bayan sirdi da maɗaurin fata, ruwa ba ya ratsa ta. Duka biyun 95,000.

Na san sabon Brooks ya haura fam 100 a Ingila. Na sani. Na lissafa, na ga ko sirdin kaɗai ya fi abin da ya nema a kan kaya biyu. Na tambaye shi, kar a ce ban tambaya ba. Ya ce na hannu ne, kuma shi ba riba yake bi ba, so yake kayan su faɗa hannun wanda ya san darajarsu, "irinku Alhaji". Na tura 95,000 ranar Talata da hantsi. Ina da alat ɗin.

Sai hob, wato cibiyar ƙafar keke inda wayoyi ke haɗuwa. Ko kuwa hob ɗin ne muka fara magana tun ranar taya, oho, kaina ya ɗaure, amma kuɗinshi dai daga baya na tura. Keken Malam, wato mahaifina, giya ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa nufar gabas da keke cikin hunturu ya san yadda iska ke tokare ƙirji. Ina son hob na kamfanin Sturmey-Archer mai giya 3, samfurin AW, wanda giyar ke cikin hob, ba abin da ƙura za ta ci. Ya ɗauko ɗaya ya juya mani a bidiyo, ga 74 da 6 a buge a jikin ƙarfen, ya ce shekara da wata ke nan, Yunin 1974, na Ingila ne tun kafin kamfanin ya koma hannun 'yan Taiwan a 2000. Ga ɗan murfin zuba mai, ga 'yar sarƙar da ke fitowa ta gefen dama. Har ya sa na ƙirga ramukan rim ɗina na baya, ya ce tsofaffin Raleigh 40 ne a baya, 32 a gaba, in aka ba ni hob mai rami 36 na yi asara. Na durƙusa na ƙirga. 40 cif. Wa zai ga wannan ya ƙi yarda? 62,000. Na tura.

95 da 62, 157 ke nan. Saura 30,000 ita ce ta fi yi mani ciwo, don a lokacin zuciyata ta riga ta fara raya mani wani abu. Kwana 9 shiru, sai ya kira da Asuba wai kwastan sun tare motar, kowane mai kaya zai ba da nashi kaso, in ba haka ba a sauke. Na ce kayan da na gani a hannunka a bidiyo, me ya kai su wurin kwastan? Ya ce ai daga sitonshi na ƙetare aka ɗauko. Mai ɗakina ta ce, "Baban yara, ka bar turawa haka nan." Na ce mata ba ta san harkar ba. Na ce mata mutumin da ya hana ni sayen taya ba zai cuce ni kan 30,000 ba. Da bakina na faɗa. Na tura.

Kwali ya iso, wannan kam ya iso, ranar Asabar. Ban buɗe a tasha ba, ni da ban taɓa sa hannu kan kwali rufe ba, na ɗaure shi bayan mashin na wuce wurin Baba don mu buɗe tare. Har mutane biyu na kira su zo su gani.

Sirdin leda ne. Leda a kan soso a kan roba, irin wanda ake ɗora wa Phoenix, an manna mashi ɗan faranti mai sunan Brooks da gam, Baba ya sa farce ya ɓamɓare shi. Ba noti a hanci, ƙusoshin ma zane ne a jikin ledar. Jakar kuwa irin ta 'yan makaranta ce da aka yanke wa hannu. Hob ɗin na gaba ne, na gaba fa, ba giya ba sarƙa ba murfin mai, rami 36, da tsatsa. Baba bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗan Malam, nawa ka ce?" Na ce 187,000. Ya ce, "Innalillahi." Ya tashi ya buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙuryar rumfar, ya fito da hob mai giya 3, baƙi ƙirin da tsohon mai, ya ce ya fi shekara 20 a nan ba wanda ya taya. Tafiyar minti 10 daga gidana.

Na kira mutumin nan take, ya ɗauka, ya ce yaranshi ne suka yi kuskuren kwali, in yi haƙuri zuwa Litinin. Litinin ya ce yana jana'iza. Laraba ya toshe ni ko'ina. Sunan da ke kan asusun da na tura 95,000 daban, na 62,000 da 30,000 daban, kuma duka ba sunan da ya gaya mani ba ne. Na lura tun a lokacin, ya ce na ƙaninshi ne da na matarshi. Na je banki, an ce in kawo takarda daga 'yan sanda da ta kotu. Na fara bi, amma ko sisi ban gani ba tukuna.

Ina da komai. Alat 3, muryoyin da ya turo, hoton bidiyon da 74 da 6 ke fitowa ɓaro-ɓaro, da hoton abin da ya zo a kwali. Yarona na haɗa mani su, zan ɗora da daddare in sha Allahu bayan an rufe lambobin asusuna. Sunanshi da lambarshi suna wurin hukuma, an ce kar in baza tukuna.

Ku dai kar ku tura kuɗi sai kaya na hannunku. In sunan asusu ya saɓa, ku tsaya. Ku tambayi mai gyaran unguwarku tukun.

187,000, kuɗin da na tara wata 7 ina cirewa daga albashi. Keken na can rumfar Baba a kife, ƙafa sama, ba sirdi, sai ƙararrawar 9,000 da ke ɗaure a hannu. Baba ya ce zai wanke nashi hob ɗin da kananzir ya ga ko giya ta biyu na kamawa, in koma ranar Alhamis.