Ofishin Shawarar Karatun Waje a Wuse 2: Abin da Muka Tarar Kan Neman Gurbin Likitancin Haƙori a Amurka

'Yata ta biyu ta kammala digirinta na bayokemistiri a ɗaya daga cikin jami'o'in tarayya, ta kuma gama hidimar ƙasa, amma burin da take da shi tun tana sakandare na zama likitar haƙori bai gushe daga ranta ba. Da wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka ya shaida mana cewa a can sai wanda ya riga ya yi karatun jami'a ake ɗauka a makarantar likitancin haƙori, sai muka ɗauka cewa digirin da ke hannunta ya buɗe mata ƙofa ke nan. Wannan ne ya kai mu wani ofishin masu ba da shawara kan karatu a ƙasashen waje da ke Wuse 2 a nan Abuja, inda muka biya naira 150,000 domin zama uku da rubutaccen rahoto a ƙarshe. Na rubuta wannan ne domin iyayen da ke tunanin kashe irin wannan kuɗin su san abin da za su tarar.

A zaman farko, ma'aikaciyar da aka haɗa mu da ita ta tambaye ni ko na san adadin kiredit ɗin da ake buƙata, ni kuwa na amsa da ƙarfin gwiwa cewa yarinyar tana da kiredit takwas a WAEC, har da Turanci da Lissafi. Cikin ladabi ta ce mini, "Alhaji, ba wannan kiredit ɗin ake nufi ba." Ta bayyana cewa kalmar a wurinmu tana nufin darajar sakamako, wato daga A1 zuwa C6, amma a jami'o'in Amurka ma'aunin yawan karatu ce: kiredit ɗaya yana daidai da kimanin awa ɗaya ta lacca a kowane mako tsawon zangon karatu na makonni goma sha biyar, kuma awa biyu ko uku a ɗakin gwaje-gwaje ne ke ba da kiredit guda. Wato shi ne abin da ɗalibanmu ke kira yunit. Na tabbata akwai iyaye da yawa da suka riƙe wannan kuskuren kamar yadda na riƙe shi, domin mun shafe shekaru muna jin "kiredit biyar" har kalmar ta zauna mana da ma'ana ɗaya tak.

Daga nan ta shiga lissafi, kuma a nan ne na ga cewa ta san aikinta. Makarantun likitancin haƙori da yawa a Amurka suna neman aƙalla kiredit 90 na karatun digirin farko, abin da ya yi daidai da shekara uku, ko da yake mafi yawan waɗanda ake ɗauka sun riga sun kammala digirin gaba ɗaya, wanda yakan kai kiredit 120. A jami'o'in da ke raba shekara zuwa zango huɗu lissafin yana canzawa, kiredit 90 ya koma 135. Sai dai jimillar ba ita ce ke kayar da mutane ba, darussan da aka wajabta su ne ƙashin bayan maganar: galibi kiredit 8 a bayoloji, 8 a kemistiri na gama-gari, 8 a oganik kemistiri, 8 a fiziks, kowannensu tare da firaktikal, sannan kiredit 6 a Turanci, kuma makarantu da dama sun ƙara da kiredit 3 a bayokemistiri, wasu ma har da ilimin ƙananan halittu ko ilimin sassan jiki. Akasari ba a karɓar darasin da aka ci da ƙasa da C.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta tsaya ga karanto mana waɗannan alƙaluma ba, domin duk mai wayar hannu zai iya samo su. A zama na biyu ta shimfiɗa cikakkiyar takardar sakamakon yarinyar a kan tebur, ta bi ta kwas bayan kwas da jan biro, tana tambayar ta abin da aka koyar a kowanne da yawan awannin da suka yi a ɗakin gwaje-gwaje. Jimillar yunit ɗinta ta haura 120, bayoloji da bayokemistiri kuwa sun yi yawa har sun zarce abin da ake nema. Giɓin ya fito ne a wurare biyu da ban taɓa zato ba. Darussan Turanci da ta yi a ajin farko yunit huɗu ne kacal, ba shida ba, sannan firaktikal na oganik kemistiri an cusa shi ne cikin wani kwas na gama-gari, ta yadda takardar ba ta nuna shi da sunansa ba. Ta ce wanda zai tantance takardar a can ba ya aiki da abin da ɗalibi ya ce ya yi, yana aiki ne da abin da aka rubuta, don haka sai an nemo bayanin kwasa-kwasan daga sashen da ta yi karatu.

Bayan wannan ne ta faɗi maganar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma saboda ita nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Ta ce ko da an kai takardun ga WES ko ECE, hukumomin da ke auna karatun ƙasashen waje da ma'aunin Amurka, suka tabbatar da cewa digirin ya yi daidai da nasu, makarantu da yawa ba sa karɓar darussan wajibi sai an yi su a jami'ar Amurka ko Kanada da aka amince da ita. Wasu makarantun, musamman na gwamnatocin jihohi, sun fi fifita 'yan jiharsu, wasu kuma ba sa ɗaukar ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba ne ko mai takardar zama ta dindindin. Ma'anar wannan ita ce yarinyar za ta iya buƙatar shekara ɗaya ko biyu a can tana maimaita kemistiri da fiziks da ta riga ta ci, kafin ma ta cike takardar neman gurbi ta ADEA AADSAS, wato dandalin da ake neman shiga makarantun likitancin haƙori na Amurka ta cikinsa, kafin kuma shekara huɗu na karatun digirin likitancin haƙorin kansa, wanda ake kira DDS ko DMD. Yarinyar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta dube ni ta ce, "Baba, ashe tafiyar da nisa." Ofishin da ke son kuɗinmu kawai da ya ɓoye mana wannan har sai mun biya kuɗin tantance takardu da na cike fom, kuma na san iyalan da irin haka ta faru da su a wasu wurare.

Duk da haka akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Takardar bayani da suka ba mu kan DAT, jarrabawar shiga makarantar likitancin haƙori wadda Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ke shiryawa, tana ɗauke da tsohon ma'aunin maki na 1 zuwa 30, alhali tun watan Maris na 2025 aka koma ma'aunin 200 zuwa 600. Yarinyar ce ta gano haka da kanta a intanet, kuma da ta nuna musu sun amsa kuskurensu, amma ofishin da ke karɓar kuɗi domin ilimin da yake da shi bai kamata ya riƙa raba takardar da ta tsufa ba. Haka kuma sai da na tambaya da kaina sannan aka gaya mini cewa jarrabawar ba ta ƙunshi fiziks ba, duk da cewa darasin yana cikin wajibai, da kuma cewa ɗalibin waje ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, sai ya nuna shaidar kuɗi kafin a ba shi takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa domin neman bizar karatu. Maganar kuɗi a ganina ita ya kamata a fara da ita, domin ita ce ke yanke hukunci a yawancin gidajenmu.

Rahoton da aka yi alkawarin bayarwa cikin mako ɗaya sai da ya kusan cika mako uku, bayan na kira sau da yawa. Ma'aikacin da ke karɓar baƙi kuma ya dame mu da tallan taimakon neman biza tun kafin mu san ko akwai makarantar da za ta dube mu.

Babban rauninsu shi ne ƙarancin sanin hanyar cikin gida. Ma'aikaciyar ta ambata cewa wanda ya yi digirin likitancin haƙori na BDS a ƙasarsa yana iya neman shirin likitocin haƙori na ƙasashen waje ta dandalin neman gurbi na CAAPID, bayan ya ci INBDE, wato jarrabawar ƙasa ta likitocin haƙori a Amurka, ya yi shekara biyu zuwa uku ya samu digirin Amurka, amma da na nemi ƙarin bayani kan yadda mai digiri zai shiga BDS a nan Najeriya, ba ta da abin faɗa sosai. Sai a wurin wani abokina malamin jami'a na ji dalla-dalla cewa karatun shekara shida ne ga wanda ya shiga ta UTME da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, cewa mai digiri a fannin kimiyya yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta JAMB, kuma cewa wajibi ne a tabbatar hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, ta amince da tsangayar kafin a miƙa takardu. Ofishin da ke zaune a Abuja, wanda yawancin masu zuwa wurinsa 'yan Arewa ne, ya dace ya iya ajiye wannan hanya kusa da ta Amurka domin iyaye su auna da idonsu.

Wanda ɗansa ke sakandare ko ajin farko na jami'a shi zai fi amfana da wannan ofishi, domin yana da sauran damar tsara darussansa tun da wuri. Mai digiri a hannu kuma ya je da cikakkiyar takardar sakamako da littafin bayanin kwasa-kwasai na sashensa, ya kuma nemi a rubuta masa sunayen makarantun da ke karɓar karatun waje da ranar da aka duba shafin kowace, kafin ya biya kuɗin zama na biyu. Mu dai mun ajiye maganar WES a gefe tukuna, yarinyar tana tattara takardunta domin neman shiga aji biyu a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Maiduguri, waɗanda dukansu ke da tsangayar likitancin haƙori.