Busta ko rauta: wadda ta fi maganin raunin sabis a ɗaki

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wadda ta fi maganin raunin sabis a ɗaki tsakanin busta, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sabis ɗin waya, da rauta mai ɗaukar layi, wato na'urar da ake sa mata layi ta raba intanet ta Wi-Fi; shawarata ita ce ka sayi rauta, ka bar maganar busta.

Rauta nake amfani da ita a Agege, a ɗakin ƙasa na wani gidan haya da benaye suka kewaye, inda a da sai mutum ya fita bakin titi kafin saƙon WhatsApp ya tafi. Na ɗaure ta a jikin ƙarfen taga, can sama kusa da rufi, na haɗa mata ƙaramin batir saboda ɗauke wuta. Tun daga lokacin yarana suna zaune a kan tabarma suke gaisawa da kakarsu da ke Katsina ta bidiyo, har takan saurari haddar ƙaraminsu daga farko zuwa ƙarshe ba tare da hoton ya tsaya ba. Dalili kuwa shi ne eriyar rauta ta fi ta waya girma, kuma tana zaune ne daram a inda sabis ya fi ƙarfi, alhali waya tana yawo tsakanin aljihu da tafin hannu, tana sauka daga 4G zuwa 3G, cajinta yana zuba wajen laluben ƙarfen sabis. Sai dai ka sani cewa intanet kaɗai take gyarawa, kiran layi na yau da kullum yana nan yadda yake, don haka yawancin kirana ta WhatsApp nake yi.

Busta kuwa, iyakar alherin da zan faɗa a kanta shi ne tana cika sandunan sabis a fuskar waya. Abin da ta tsinta a waje shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau, kuma ba ta da abin yi idan jama'a sun yi wa ƙarfen unguwa yawa da daddare. Ga shi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi cewa sayar da ita ko kafa ta ba tare da izini ba saɓa doka ne, domin tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka shiga saitin wayarka ta Android, wajen bayanin layi, ka duba lambar da ke ɗauke da dBm, wato ma'aunin ƙarfin sabis, a bakin kowace taga. Idan tana kusa da -85 wurin yana da kyau, idan ta gangara zuwa -110 akwai rauni sosai. Ka ari layukan maƙwabta ka gwada su a wuri guda, saboda a Legas layin da ke gudu a Obalende yana iya rarrafe a wani lungu na Idi-Araba. Sannan ka nemi rautar da ke kama zangon sabis (band) na 20 da na 28, wato mita 800MHz da 700MHz, domin mita masu ƙaramar lamba sun fi ratsa bango, tare da zango na 3 da na 7.

Ka yi hattara wajen saye. Ko a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba akwai 'yan kasuwa masu amana, akwai kuma waɗanda za su tare ka tun daga bakin hanya su miƙo maka tsohuwar rauta a sabon kwali, ko wadda aka kulle a kan layin wani kamfani na ƙasar waje, suna rantsuwa cewa kowane layi tana ɗauka. Ka shiga shago mai suna da lamba, ka sa layinka a ciki a gaban mai shagon, ka ga ta buɗe intanet da layuka biyu aƙalla, sannan ka karɓi rasit da aka rubuta cewa za ka iya mayar da ita idan ba ta yi aiki a ɗakinka ba.