Tsara Darasin Lissafi: Kai Kaɗai ko da Abokan Aiki?

Malamin firamare a Jos da ke tsara darasin rabawa shi kaɗai yakan gama da wuri. Ya rubuta ƙa'ida a allo, yara su kwafa, shi ke nan.

Zama da abokan aiki kuwa yana cin lokaci, amma ni shi na fi so. Wani ya ce a sayo tumatir 12 a kasuwar Farin Gada, yara 5 su raba. Wata malama ta ce kada a faɗa musu amsa, a bar su su yi gardama kan ragowar biyun. Ɗaya ya koyar, sauran na leƙa littattafan yara don ganin inda suka ruɗe. Irin koyarwar da shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, da tallafin Japan, ya fara yaɗawa a Filato tun 2006 ke nan.