Sifirin ko maganaɗisu: wanne ya fi dacewa da makunnin sigarin lantarki?

Sigarin lantarki samfurin mekanikal ba shi da allon da ke kula da wuta. Bututun ƙarfe ne kawai, da batir samfurin 18650 mai bada wuta bolt 4.2 in ya cika, sai maɓalli a gindi. Shi ya sa abin da ke maido da maɓallin nan baya yake da muhimmanci ƙwarai.

Sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai maido da maɓalli, shi ne na asali. Yana da arha, amma yau da gobe yakan saki, maɓalli ya sakwarkwace.

Maganaɗisu kuwa zobba biyu ne na niyodimiyam (wani nau'in ƙarfe) da ke tunkuɗe juna. Dannawa sumul, babu ƙara, ba ya gajiya. Sai dai yana son kula. Yana da gautsi: ka bari biyun suka haɗu da ƙarfi, sai ka ga gefe ya ɓantare. Yana kwaso ɓurɓushin ƙarfe, baƙi-baƙi kamar kwalli, ya maƙale a zaren da ake murɗa maɓallin a kai. Zafin da ya haura digiri 80 na ma'aunin Celsius kuma yana rage wa na gama-gari ƙarfi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne juya fuska: in ka sa su suna jan juna, maɓalli zai manne, batir ya yi ta aiki har ya ɗau zafi mai haɗari.

Ni dai na fi son maganaɗisu, da sharaɗin a cire batir a gwada tunkuɗewar kafin a ɗaure, kuma a murɗa zoben kulle maɓalli kafin a jefa aljihu.