Lauyan kuɗin nakasa a Bronx: abin da ya yi mini da inda ya gaza

Tun da maganar kuɗina ta fito, 'yan uwa a masallacinmu na nan Bronx suke tare ni da tambaya ɗaya: lauyan nan ya cancanci abin da ya karɓa kuwa? Ya cancanta, amma da ƙorafi a gefe. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, irinsu sun yi yawa a New York, kuma tsarin aikinsu kusan ɗaya ne.

Ni lodin kaya nake yi a sito har ƙashin bayana ya ce ya gaji, ga ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Da kaina na cike takardun SSDI, wato kuɗin da hukumar Social Security ta gwamnatin Amurka take biyan wanda ya yi aiki, aka cire masa haraji, sannan lalura ta zaunar da shi na aƙalla wata 12. Amsa ta zo ba a amince ba, kuma haka mafi yawan masu nema suke farawa. Abin dubawa a wasiƙar shi ne wa'adin kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Mutanenmu da dama sai su ce babu rabo, su jefa ta cikin durowa, bayan shekara su sake cike sabuwa. Yin hakan yana iya cinye wa mutum kuɗin watannin baya da ya kamata ya samu.

Tsoron kuɗin lauya ne ya so ya hana ni zuwa, ashe doka ta riga ta ɗaure masa hannu. Ba ya karɓar ko sisi a farko. Idan an ci nasara yana da kashi 25 cikin 100 na ariyas, wato kuɗin watannin baya da suka taru, kuma akwai iyaka: dala 9,200 tun daga ƙarshen Nuwamba 2024, kafin nan 7,200 ce. Hukumar ce da kanta take cire masa kasonsa ta aika masa, kuɗin wata-wata da ke biyo baya kuma babu ruwansa da su. Idan an faɗi, ba shi da ladan aiki. Sai dai a karanta yarjejeniyar da kyau, domin kuɗin karɓo takardun asibiti daban ake lissafa shi, kuma wasu ofisoshin suna neman sa ko an ci ko an faɗi.

Matakan ƙarar huɗu ne: sake duba fayil, zama gaban alƙali, majalisar ɗaukaka ƙara, sannan kotun tarayya. A mataki na farko ban ga abin da lauyan ya ƙara ba, aka sake ƙi, kuma shi da bakinsa ya gaya mini tun kafin nan kada in sa rai. Na yaba masa wannan gaskiyar.

Aikinsa na gaske ya fito ne wajen shirin zuwa gaban alƙali. Fayil ɗina cike yake da sunayen cututtuka da hotunan ƙashin baya, amma babu inda likita ya rubuta abin da jikina yake iya yi a yini. Shi kuwa alƙali wannan yake nema: minti nawa za ka iya tsayuwa, nauyin me za ka iya ɗagawa, sau nawa a wata ciwo zai hana ka fita aiki. Lauyan ya aika wa likitana fom na musamman a kan haka, ya yi ta binsa har ya cike. Ya kuma zaunar da ni ya ce in daina amsawa da "da sauƙi". Mu an raine mu da ɓoye ciwo, ko kana kwance aka gaishe ka sai ka ce alhamdulillahi. A ɗakin nan kuwa duk abin da ka faɗa ana naɗa, kuma da shi za a yi maka hukunci. Bai ce in ƙara gishiri ba, cewa ya yi in faɗi yadda ranar da ciwon ya tashi take kasancewa.

Ranar zaman akwai wani ƙwararre kan sana'o'i da alƙali yake tambaya ko akwai aikin da mai irin lalurata zai iya yi. Nan ne na san da ni kaɗai na je da na yi zuru. Na taɓa yin gadi na zaune shekaru da dama da suka wuce, kuma a tsohuwar ƙa'ida ana waiwayar aikin shekara 15, sai a ce ka koma wancan. Tun Yuni 2024 shekara 5 kawai ake dubawa, gadin ya fita daga lissafi. Sannan na haura 55, kuma ƙa'idar hukumar tana sassauta wa mai waɗannan shekarun idan aikin ƙarfi ya sani kuma yanzu sai mara nauyi zai iya. A kan waɗannan biyun lauyan ya tsaya, bai yi doguwar magana ba. Na so ya kawo batun ƙarancin Turancina, ya ce an cire wannan daga abin dubawa tun 2020. Tafinta dai hukumar tana bayarwa kyauta, a nema tun da wuri.

Ƙorafina a kan ofishin ne. Watanni suna wucewa babu wanda zai kira ka. Ka buga waya, yau wannan ma'aikaciya, gobe wata, kowacce sai ka sake ba ta labari daga tushe. Lauyan kansa ban zauna da shi ido da ido ba sai da zaman ya matso. Wata takardar asibiti ma ni na gano ba su karɓo ba, na je na kawo da ƙafata mai ciwo. Mutumin da ba shi da albashi, haya tana binsa, na gida suna jiran aike, shirun nan yana ci masa rai. Kuma lauya ba ya gaggauta layi, jiran sama da shekara ba baƙon abu ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowane lauya. SSDI da makin aikin da aka biya wa haraji ake samunsa, galibi 40, kuma 20 daga ciki a shekara 10 na ƙarshe, ba a tara fiye da 4 a shekara. Ɗan uwan da ya yi shekaru yana karɓar lada hannu da hannu, ko yana tuƙa tasi yana rubuta ɗan kaɗan a takardar haraji, ranar ciwo zai tarar asusun ba komai. Sai dai SSI, tallafin masu ƙaramin ƙarfi da ba ya neman maki, wanda sharaɗinsa dukiyarka kada ta wuce dala 2,000, fili ko gidan da ka mallaka a Kumasi ko Damagaram yana iya shiga lissafi, kuma wanda bai zama ɗan ƙasa ba sharuɗɗansa sun fi tsauri.

Ko an amince, watanni 5 na farkon nakasa ba a biyan su, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, kuma sai bayan wata 24 da fara cancantar kuɗin. Wanda zai ɗauki lauya ya tambaya tun ranar farko wane ne zai riƙe fayil ɗinsa, ya karɓi lambarsa ta kai tsaye, ya kuma ajiye kwafin duk takardar da ya miƙa.