Sharhi kan dashen haƙori ga mai cutar sikila

Dashen haƙorin da aka yi mini a wani asibiti mai zaman kansa ya biya buƙata, amma ba zan ce kowane mai sikila ya garzaya a yi masa ba, domin nasarar aikin ta rataya ne a kan shirin da aka yi kafin a taɓa bakina. Likitar haƙorin ta ƙi sa ranar aiki sai da ta ga takarda daga likitan jinin da ke duba ni, tare da sakamakon gwajin jini da hoton ƙashin muƙamuƙi. Ta kuma tambaye ni ko ina shan hydroxyurea, wani magani da ake ba masu sikila, saboda maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini.

Abin da ake dasawa ƙaramar ƙusa ce ta wani ƙarfe da ake kira titaniyom, wadda ake ɗaurawa cikin ƙashi a bar ta ta haɗe da shi, kuma hakan yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙorin a kanta. A nan ne matsalarmu take. Ƙwayoyin jininmu sukan toshe ƙananan jijiyoyi, jini bai isa wurin rauni yadda ya kamata ba, sai warkewa ta yi jinkiri, ƙwayoyin cuta kuma su sami damar shiga ƙashi. Saboda haka aka yi aikin da safe cikin ɗan lokaci, da allurar kashe zafi kawai, bayan an ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta an kuma nanata mini shan ruwa sosai. Da na ce sanyi yana tayar mini da ciwo, nan take aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, abin da ya ƙara mini natsuwa da su.

Dasashina ya daɗe da kumburi fiye da yadda na zata, ɗinkin ma an jinkirta cire shi, sai dai ciwon sikilar bai tashi ba, kuma kurkurar baki da chlorhexidine, wani ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, ta taimaka. Yanzu ina tauna da ɓangaren ba tare da jin wani bambanci ba.

Inda suka gaza shi ne batun kuɗi. Farashin da aka faɗa mini da farko na ƙusar ne kaɗai, kuɗin haƙorin da ake ɗorawa da na hotunan da suka biyo baya kuwa sai daga baya na ji su, alhali mai sikila yana da wasu hidimomin asibiti da yake tanadi dominsu.